Kukan Tsohuwar Ƙofarmu

Da aka ce titi zai bi ta kan gidanmu a Jidda, Baba ya kwance shi dutse bayan dutse, ya sake gina shi a bakin teku, a Abhur.

Ranar tarewa da la'asar, Kaka, wadda ta daɗe ba ta gani, ta ƙi saukowa daga mota.

"Iskar teku nake ji," in ji ta. "Wannan ba gidan mijina ba ne."

"Inna, saurara," in ji Baba. Ya tura tsohuwar ƙofar katakon, ta ja kukan nan nata na kullum.

Kaka ta yi dariya, ta miƙo mini hannu. "Halas, shi ke nan! Yalla, mu je, kai ni ɗakina."

Har yau ban yarda kowa ya ɗiga wa ƙofar nan mai ba.