Sikelin Uwaisu da Tuwon Mama

Tun da Uwaisu ya zama ƙwararren ɗan tseren keke, koci ya hana shi cin abin da bai auna ba. Ya je gaida iyayen budurwarsa Zubaida a unguwar Peckham da ke Landan, tana ajiye masa tuwo, sai bawan Allah ya zaro sikeli daga aljihu.

Zubaida ta dubi labulen kicin yana motsi.

"Mama na kallonka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka auna tuwonta, an yi cancel ɗin aurenmu."

"Koci zai kashe ni, jibi gasa!"

"Koci yana Beljiyam. Mama tana bayan labule."

Ya mayar da sikeli aljihu, ya wanke hannu. Bai ci rabi ba Mama ta ɗaga murya:

"Zubaida, ƙaro wa ɗan nawa malmala biyu! Dubi hannayensa kamar tsinke!"