Matuƙiyar Jirgin da Ba Ta Haihu Ba

"Injiniya, shekaru fa na tafiya," in ji uwar mijinta, tana ninke kayan jariran da ta sake sayowa ba wanda ya aike ta.

"Allah Ya kawo, Mama," Injiniya ta ce, ta maida kai kan wayarta. Can take samun sa'ida. Wata marubuciya mai ɓoye sunanta ce ke sakin labarin wata matuƙiyar jirgin sama da ta zaga duniya ba ciki ba goyo, kuma ko a jikinta.

Haushi ya sa ta tura wa marubuciyar saƙo: "Don Allah kar ki bari ta haihu. Ga uwar mijina nan ta sa ni a gaba, ko hamma na yi sai ta kalli cikina."

Wayar Mama ta yi ƙara a kan kujera.

"Karanta mini, 'yata, ban san inda na jefa tabarauna ba."

Injiniya ta ɗauka. Saƙonta ne, ya shigo shafin marubuciyar. Ga babin gobe nan a buɗe, an rubuta rabi.

"Ina jin ki."

Ba yadda ta iya, ta karanta mata saƙon.

"Mama, ashe ke ce? To ita matuƙiyar me ya sa kika ƙyale ta?"

"Ita ai ba ɗana take aure ba." Mama ta ɗauki wata 'yar riga ta kakkaɓe. "Amma tunda kin roƙa, gobe 'yan biyu zan ba ta."