Cinyar Kashegarin Kirsimeti

Obin ɗin gasa nama ya ƙi kamawa. Neville ya murɗa, ya buga, ya durƙusa ya lallaɓa shi, ko ɗumi bai yi ba. Da ya buɗe, tsofaffin farantai ne jibge a ciki, ƙura ta yi musu bargo.

Ga cinyar alade a kan tebur, ta kwana cikin ruwa gishirinta ya fita, tana jiransa. Baƙin kashegarin Kirsimeti kuwa sun fara buga ƙofa.

Bakinsa ne ya ja masa. Mama Beryl, uwar budurwarsa Lorna, ta zame a kan ƙanƙara ta karya hannu. Shekara da shekaru ita ke gasa cinyar nan, ƙofar kicin a kulle, ko 'yarta ba ta leƙawa. Sai Neville ya bugi ƙirji, wai shi ya taɓa ciyar da jirgin ruwa guda. Gaskiyar magana, kwanuka ya wanke a shagon kifi da dankali har aka kore shi. Yau kuma yake shirin neman auren Lorna a gaban dangi, alhali tsohuwar ba ta manta gizo-gizon robar da ya jefa mata a shayi bara ba.

Da safe ta nuna shi da hannun filasta. "Ka ɓata mini cinya, ka nemi wata ƙofar. Kuma ban da tukunyar lantarkin nan ta malalata, mai gasa abinci da iska mai zafi. Duk wanda ya shigo da ita gidana, shi da ita waje."

Neville ya fita ta baya, ya haura shinge, ya faɗa gidan maƙwabciya Doreen yana haki. Obin ɗinta cike yake da nata girkin. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ƙunshe dariya, ta sauko da wani abu baƙi daga saman kabad.

Tukunyar da aka haramta ce.

"Ɗauki, sarkin kukun jirgin ruwa. Ni ko kunna ta ban iya ba."

Ya rufe ta da tawul ya haura da ita kamar ɓarawon akuya. Ya kulle kicin. Ya naɗe cinyar da takardar alminiyam, yana tsoron kada ta ƙi shiga kwandon tukunyar. Ta shiga ɗas, kamar an auna. Ya ce a ransa, ka ji mai sa'a.

Da ya kunna, fankar ta ɗauki gurnani. Ya ƙure rediyo, waƙoƙin coci suka cika ɗakin.

"Neville!" Muryar tsohuwar ce daga falo. "Yaya obin ɗina? Kyautar aurena ce, ka bi shi a hankali."

"Kamar sabo, Mama! Wuta sai ka ce maƙera!"

Neville ya koma kan tukunyarsa.

Da naman ya nuna, ya zare fatar, ya tsattsaga kitsen a gicciye, ya soke kanumfari a kowane gida. Ya dama zuma da jan sukari da mastad, ya shafe cinyar har tana ƙyalli, ya mayar. Nan ne wurin hatsari. Sukari ba ya jira: ka juya baya, ya zama gawayi.

Sai aka murɗa hannun ƙofa.

"Ni ce, buɗe," in ji Lorna. "Kawu Trevor ya ce ya ci amanar cikinsa tun jiya saboda cinyar nan. Me kake ɓoyewa?"

"Sirrin jirgin ruwa, masoyiya. Koma."

"Wallahi in wani gizo-gizon ne, ni da kaina zan kore ka."

Tana nan tsaye sai tukunyar ta yi ƙara, tsit-tsit-tsit. Neville ya kece da tarin ƙarya ya danne sautin. Hayaƙi siriri ya fara fita. Ya fizgo kwandon, ya ƙone yatsa, ya haɗiye ihun. Gefe ɗaya ya fara duhu, saura kuwa ja wur, zuma na tsattsafowa. Ya juya duhun ƙasa a kan faranti. Tukunyar ya cusa ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke da zafinta, ya jera robobin sabulu a gabanta.

A tebur, dangi sun sa hulunan takarda, ba mai taɓa cokali. A gidan nan Mama Beryl ke fara ɗanɗanawa. Lorna ta yanka mata. Tsohuwar ta shinshina, ta juya yankan, ta sa a baki. Tana taunawa tana kallon Neville. Zoben neman auren da ke aljihunsa ya yi masa nauyi kamar dutse.

Ta ajiye cokali.

"Zuma ta yi yawa," ta ce. "Amma dai cinyar gidan nan ce. Ku ci."

Aka yi tafi, Kawu Trevor ya riga kowa miƙa faranti. Neville ya kumbura, har ya fara ba da labarin guguwar teku, sai tsohuwar ta yafuto shi da lafiyayyen hannun. Ya sunkuya. Ta damƙi kunnensa, ta rage murya.

"In ka gama cika baki, ka wanke mini kwandon tukunyata da soso mai laushi, ka mayar wa Doreen ajiyata ta bayan shinge, don obin ɗin nan tun ranar jana'izar uban Lorna bai sake kamawa ba."