Ba Takalmin Ba Ne

Mutane suna fitowa daga silima a birnin Busan na Koriya suna ta dariya, ban da Dasom. Gitae, wanda ya rubuta fim ɗin, ya tare ta a bakin ƙofa.

"Kin gane saboda ke na yi shi? Sau bakwai jarumin yana komawa kwanakin baya don ya karɓe takalmin da ya ba budurwarsa. Kowa ya sani, ka ba masoyi takalmi, da shi zai gudu. Na yi wauta, Dasom. Ki dawo mu yi aure."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Jan takalmin da ya taɓa ba ta ne a ƙafarta, duk ya koɗe.

"Malam marubuci, kun yi ƙoƙari."

Da can Oppa take ce masa, irin kiran da budurwa ke yi wa saurayinta.

"Kwana uku ina tsaye ina karɓar gaisuwar rasuwar babana, idona a ƙofa, kuna can wajen ɗaukar fim." Ta ɗago kai ta dube shi. "Sau bakwai kuka koma baya, ko sau ɗaya ba ku biyo ta gidan makokin ba."