Mai Ƙafa Huɗu Ba Ya Shiga Lambu

Yaya Larai, albishirinki! Kawo goro, Sagiru ya taka! Watansa takwas fa, wallahi!

Kin san wayar nan da hukuma ta sa kowa ya kewaye lambu da ita saboda birai? Duk mai ƙafa huɗu jan sa take, mai biyu kuwa ta bar shi ya wuce. To, yaron nan kullum ya rarrafa wajen tumatir sai ta ja shi, har gwiwarsa ta yi tabo. Yau da safe ya kalle ta, ya miƙe tsaye, ya shige abinsa. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Iya ce kawai, uwar maigida, ba ta yi murna ba. Tunda ƙafafunta suka mutu rarrafe take, kuma ita ta shuka lambun. Ta ce, "Ke 'yar nan, goya ni in ga yakuwata."

Na ce, "Iya, wace yakuwa? Biran ma sun koyi tafiya a tsaye, sun cinye."

Ta ce, "To. Ashe ni kaɗai ce dabbar gidan."