Darasin Gwaji

Minti uku da fara darasin gwajin, ɗalibin digirin digirgir ya ga shugaban kwamiti ya rufe ido. Gurbin koyarwa ɗaya ne, masu nema tara, ga matarsa a gida da tsohon ciki.

Wata biyu ya yi yana tsara darasin nan da kansa, har da hotuna da tambayoyi.

"Kai yaro," in ji wata farfesa, "mu ka zo yi wa tambaya? Wa ya koya maka koyarwa?"

Ɗalibin ya laluba jaka, ya zaro tsohon littafin darasin da malamin da ke duba aikinsa ya ba shi, wanda shi ma gadonsa ya yi. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ku rubuta."

Bai kai rabin shafi ba shugaba ya farka, leɓensa na bin karatun da ka.

"Dakata, ɗana, ka yi tsallake. A nan marigayi malaminmu yake tari."

Ɗalibin ya koma wurin, ya yi tarin. Farfesoshi biyar suka share ƙwalla.

Ran Litinin ya kama aiki.