Ruwan cikin bangon magaza

Da safe aka binne Inna. Bayan azahar gardi ya zo kiran Baba, wai ruwan sama ya kwanta a ɗakin ƙasa na magazar kumandan, ma'ajiyar kayansa, wanda Baba ya gina da tubalin siminti. Na riƙe rigarshi na ƙi saki, sai ya tafi da ni.

Muka kwashe ruwan da ƙwarya, amma bangon bai daina tsattsafo ba. Baba ya huda tubalin can ƙasa da ƙusa, ruwa ya fito siriri.

Na ce, "Baba, yaushe zai ƙare?"

Ya ce, "Zauna, ɗiyata. Nan dai ba mai ce mana mu yi haƙuri."

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen siminti, wurin zama kawai nake nema.